Ƙungiyar Mata Masu Sana'ar Gida da Kasuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu tuyar ƙosai da awara, masu ƙuli-ƙuli, masu ɗinkin hula, masu gumin shinkafa, masu kitso, 'yan aikatau da masu kasa kaya a bakin titi, duk lokacin da maganar haɗa kai ta taso. Kuɗaɗen da ke cikin misalan lissafi na kwatance ne, kowa ta sa farashin garinsu.

Mu da ba mu da albashi, ba mu da ofis, mu ma ma'aikata ne?

Ƙwarai kuwa, ku ne ma kuka fi yawa. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 2 ne ke neman abinci ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba hutun rashin lafiya. A Afirka, cikin mata goma masu aiki, kusan tara haka suke.

An taɓa yin wannan gardama a gaban hukuma. A birnin Ahmadabad na jihar Gujarat a Indiya, wata lauya mai suna Ela Bhatt ta tara mata masu dakon yadi da masu tura amalanke da masu sayar da kayan gwari, suka nemi a yi musu rajistar ƙungiyar ƙwadago. Da farko ma'aikatar ƙwadago ta ƙi, ta ce ba su da ubangida, to da wa za su yi jayayya? Matan suka ce ba don faɗa da ubangida kaɗai ake kafa ƙungiya ba, ana kafa ta ne don ma'aikata su haɗa kansu. A watan Afrilu na 1972 aka yi musu rajista da sunan SEWA, wato ƙungiyar mata masu sana'ar kansu. Yau mambobinta sun haura miliyan biyu.

Ai adashi muke yi tun tuni. Shi ba ƙungiya ba ne?

Tushe ne mai kyau, don ya riga ya nuna muku wadda ke cika alkawari da wadda sai an bi ta gida. Amma adashi zubi ne da ɗauka: abin da kika zuba shi za ki kwasa, ranar da layi ya zo kanki, ko kina bukata a lokacin ko ba kya yi. Ba ya sa mai shago ya ƙara kuɗin ɗinkin hula, ba ya hana a tashe ku daga bakin tasha. Kuma duk amanar tana wuyan mutum ɗaya, uwar adashi. In ta samu matsala, kowa ya samu.

Ƙungiya tana da doka da kowa ya sani, da shugabanni da aka zaɓa ake kuma iya saukewa, da dukiyar da ta zama ta kowa, da baki ɗaya da ake magana da shi a waje. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin bambancin.

Da mata nawa za mu fara?

Tsakanin 15 zuwa 25. In ba ku kai haka ba kuɗin ba ya taruwa, in kun wuce 30 taro ya zama kasuwa, ƙirgar kuɗi kaɗai ta cinye awa biyu. Idan masu so sun yi yawa, a yi ƙungiya biyu, daga baya su haɗu a sama.

Ku fara da masu sana'a iri ɗaya ko masu kama da juna, 'yan unguwa ɗaya, waɗanda ƙarfin aljihunsu bai yi nisa da juna ba. Idan aka haɗa mai tiya biyu ta gyaɗa da Hajiyar da ke sayen buhu ashirin, ƙungiya za ta koma gidan Hajiya, sauran su zama 'yan amshin shata. Kuma matan su zaɓi junansu da kansu. Jerin sunayen da wani ya rubuto daga waje ba ya yin ƙarko.

A zaman farko kar a karɓi ko sisi. A zauna kowa ta faɗi abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya a sana'arta, a fitar da matsala ɗaya da ta shafi mafi yawa kuma ake iya maganinta cikin wata biyu ko uku. Ƙaramar nasara ta farko, ko da samun ragin kuɗin markaɗe ne a wajen mai inji, ta fi dogon jawabi riƙe mutane.

Muna jin ana cewa asusun akwati. Yaya ake yinsa?

Wannan tsari a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. An gina shi ne a kan adashin da mata suka saba, aka ƙara masa rance da asusun taimako da ƙa'idojin tsare amana.

Ana zaɓar mutum biyar: shugaba, mai rubutu, mai ajiyar akwati, da masu ƙirga biyu. Ana sayen akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun wasu mata uku daban waɗanda ba sa cikin biyar ɗin nan, kuma ba 'yan gida ɗaya ba. Ke nan mai akwati ba ta da makulli, masu makulli ba su da akwati, ba ya buɗuwa sai a tsakiyar taro. Littafin lissafi da katunan mambobi a cikinsa suke kwana, don kada wani ya gyara rubutu a gida.

Ana zama sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ƙungiya ce ke yanke kuɗin hannu ɗaya, a ce naira 500. Kowace mace tana iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar a zama, gwargwadon cinikin makon. Ana kiran suna, ta taso ta ajiye kuɗinta a faranti, masu ƙirga su ƙirga su faɗa da ƙarfi, a buga mata tambari a katinta, tambari ɗaya hannu ɗaya. Amfanin tambarin shi ne wadda ba ta yi boko ba ma tana iya ƙirga nata. Iyakar hannu biyar ɗin kuma ba banza aka sa ta ba: tana hana mai kuɗi ta mallake akwatin.

Akwai ƙaramin zubi na dabam, daidai wa daida ga kowa, a ce naira 100, na asusun taimako. Jakarsa daban. Daga ciki ake ba wadda ta haihu, ko aka kwantar da ɗanta a asibiti, ko gobara ta ci rumfarta, kuma kyauta ce, ba a biya. Kada a taɓa haɗa shi da kuɗin rance.

Rance kuwa ana fara bayarwa bayan makonni kaɗan da fara zubi. Ƙa'idar da aka saba: mace ba ta karɓar fiye da ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku, ba ta karɓar sabo sai ta gama tsohon. A gaban kowa ake nema, a faɗi abin da za a yi da shi. Kafin a tashi ana sanar da abin da ya rage a akwati, a zama na gaba kuma kafin a buɗe sai a tambayi mata nawa aka bari. Idan ƙirga ta saɓa da abin da suka faɗa, ba a ci gaba sai an gano dalili.

Yaya ake lissafin rabo?

Bayan wata 9 zuwa 12 ake fasa asusu. Wata biyu kafin nan a daina ba da sabon rance, a tattaro na waje. Ranar rabo a ƙirga duk kuɗin da ke akwati, ban da na taimako, a raba da jimillar hannayen da aka zuba. A ce hannu 3,000 aka zuba a naira 500, wato naira 1,500,000, riba da kuɗin tara suka ƙara naira 180,000. Jimla 1,680,000. An raba da 3,000, hannu ɗaya ya zama naira 560. Mai tambari 150 za ta tashi da naira 84,000. Wadda ake bi bashi, a cire shi daga kasonta.

Ku saita ranar rabo ta faɗo lokacin da kuɗin zai yi aiki: kaka, sa'ar da gyaɗa da wake da shinkafa suke da sauƙi, ko gab da azumi. In ta faɗo lokacin bukukuwa, anko ne zai cinye shi.

Kuɗin da ake ɗorawa kan rance ba riba ba ce ta haram?

Wannan tambaya ta hana mata da yawa shiga, kuma tana da hujja. A tsarin asali ana ɗora wani kaso a kan rance duk wata, wasu na cewa ai kuɗin yana komawa ga masu shi ne ranar rabo. Ba kowane malami ya gamsu da wannan ba. Ƙungiyoyi da dama sun kauce wa abin ta hanya biyu. Ko dai a ba da rance ba ƙari ko kwabo, ko kuma ƙungiya ta sayi kayan da mace ke so, buhun waken suya ko keken ɗinki, ya zama mallakarta tukuna, sannan ta sayar mata da ribar da aka amince tun farko, ta biya kaɗan-kaɗan. Sharaɗin shi ne a sayi kayan da gaske, kuma farashi ba ya ƙaruwa don an makara. Ku kai wa malamin da kuka yarda da shi tsarin a rubuce kafin a fara, kada sai kuɗi sun taru a raba kai a kansa.

Yawancinmu ba ma fita. Ta yaya za mu yi taro?

A yi shi cikin gida a unguwar, gidan da kowa ke shiga ba tsegumi, a lokacin da aka gama aikin rana, ko dai bayan azahar ko ranar da babu Islamiyya. Kada ya wuce awa ɗaya. Matar da ta dawo ta tarar ba a ɗora tukunya ba, mako mai zuwa ba za a bar ta ta zo ba. A sanar da mazaje da mai unguwa tun kafin zaman farko, a faɗa musu rana da wuri da abin da ake yi. Wanda aka nemi izininsa yakan zama mai kare abin, wanda ya ji a bakin mutane yakan zama mai rusa shi.

Cinikin waje kuwa, sayen kaya a kasuwa da kai kaya ga masu saye, a wakilta dattijuwa biyu, ba ɗaya ba, a biya su kuɗin mota da ladan wahala a fili. Wannan yana rage dogaro da tallar yara mata.

Bayan ajiya, ta ina ƙungiya za ta ƙara mana samu?

Ta wurin saye da wurin sayarwa. Mai sayen gyaɗa tiya-tiya kullum tana biyan ribar mutum biyu ko uku kafin ta iso hannunta. Mata ashirin da suka haɗa kuɗi suka sayi buhuna a kasuwar hatsi, irin Dawanau a Kano ko kasuwar ƙauye ranar cinta, suka yi hayar mota ɗaya, sun tsallake wannan. Amma a auna a gaban kowa da kwano ɗaya, a kuma lissafa ƙasa da tsakuwa da ɓaragurbin da za a tsince, don buhu ba ya taɓa ba da abin da aka ce yana ci.

Wurin sayarwa ya fi wuya, kuma sai kun san ainihin abin da kayanku ke ci. Yawancin mata ba sa lissafa itace, ruwa, kuɗin inji, leda, kuɗin motar yarinya, balle lokacinsu. Ku sa mata uku su rubuta komai na mako guda. Mai ɗinkin hula ta ƙirga awannin da hula ɗaya ta ci, ta cire kuɗin zare da allura in ita ke saye, ta raba abin da ya rage da awannin. Sau da yawa abin da ke fitowa ya isa ya sa a yi shiru a ɗakin. Da wannan lissafi ake zuwa wajen mai ba da aiki, ba da "a taimaka a ƙara" ba.

Matan Ahmadabad sun yi wata dabara tun farkonsu. Da jarida ta buga labarin ƙarancin ladan masu dakon yadi, 'yan kasuwa suka mayar da martani a jarida cewa ai suna biya da kyau, har suka faɗi adadi. Sai aka buga adadin a kan katuna aka raba wa matan, kowa ta riƙa nuna wa mai shago abin da ya faɗa da bakinsa.

Ku kuma shirya wa ramuwa. A unguwar Dariyapur ta wannan birni, mata Musulmi masu ɗinka barguna da ƙyallayen masaƙa sun nemi ƙarin lada, sai 'yan kasuwa suka daina ba waɗanda suka ja gaba aiki. Abin da ya fisshe su shi ne sun koma sayen ƙyallen da kansu suna ɗinkawa suna sayarwa, har ta zama ƙungiyar gama-kai. Don haka kada ku nemi ƙari sai akwati na da abin da zai riƙe waɗanda za a yanke wa aiki na 'yan makonni, kuma kada mace ɗaya ta je ita kaɗai.

Masu karɓar haraji sun dame mu, kuma kullum ana barazanar tashinmu.

Ku fara da tara shaida. Wata guda, kowa ta ajiye duk rasit da aka ba ta, ta sa a rubuta ranar da aka karɓi kuɗi ba rasit, da nawa, da sunan harajin da aka ce. Sannan wakilai uku ko huɗu su je wajen sarkin kasuwa da sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma da takarda mai kwafi biyu, a buga musu hatimin karɓa a ɗaya. Ku nemi abu takamaimai: jerin harajin da doka ta sani da adadinsa, rasit a kowane biya, da sanarwa da wurin komawa kafin a tashi kowa. Katin shaida na ƙungiya mai hoto yana rage cin mutunci fiye da yadda ake zato. A Indiya irin wannan fafutuka ta shekaru ce ta kai ga dokar kare masu kasa kaya a titi ta 2014, wadda ta ba su kujeru a kwamitin da ke tsara wuraren sana'a a gari.

Dole ne mu yi rajista? A ina?

Ba dole ba ne a shekarar farko. Ku gama zagaye ɗaya na asusu, ku ga wa ya tsaya. Rajista tana zama dole idan za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ko ku karɓi kwangila, ko ku mallaki inji ko fili.

A Najeriya, mafi sauƙi ita ce rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha. Doka na neman aƙalla mutum 10. Za ku kai takardar nema, dokokin ƙungiya, bayanan tarukan da kuka yi, da sunayen mambobi da sa hannu ko dangwale. Kuɗin rajista ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ku biya a ofis ku karɓi rasit, kada ku ba ɗan tsakani. Rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta fi tsada, tana bukatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28, kuma ba ta dace da masu son raba riba ba. Ƙungiyar ƙwadago cikakkiya kuwa sai da mambobi 50, kuma ana iya ƙin rajista idan akwai wata da ke wakiltar wannan aiki. Abin da ya fi shi ne ku shiga ƙarƙashin wata babba, irin tarayyar FIWON da aka kafa a 2010 don masu irin sana'arku.

A Nijar da Kamaru da Chadi dokar OHADA (tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka) ta 2010 ce ke aiki: mutum 5 sun isa ƙaramar ƙungiyar gama-kai, babba mai majalisar gudanarwa kuma 15.

Akwati ko banki?

Duka biyun. Yawancin shekara kuɗin yana hannun masu rance, akwati kusan wayam yake. Haɗarin yana watanni biyu na ƙarshe, lokacin da komai ya dawo kuma duk unguwa ta sani. A nan ne banki ke da amfani. Ku buɗe da sa hannun mutum uku, biyu su isa cirewa, saƙon shiga da fita ya riƙa zuwa wayar wata da ba ta cikin masu sa hannu. Kada a ajiye kuɗin ƙungiya a asusun mutum ɗaya, ko na mijin shugaba ne mai gaskiya, don in ya rasu kuɗin ya shiga gado. Canjin takardun naira na farkon 2023 ya nuna ɗaya fuskar: masu tsabar kuɗi a gida sun sha wuyar canji, masu kuɗi a banki sun sha wuyar cirewa. Kuma duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata, ku tuna MMM, tsarin ninka kuɗin da ya tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016.

Me ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi?

Ba sata ba ce ta fi, kunya ce. Ƙanwar shugaba ta makara da biya, ba wanda ya iya magana. Wata mai zuwa mutum uku sun makara, don sun ga ba a yi komai ba. Maganinsa a rubuta tara da hukunci tun kafin a san kan wa za su faɗa, a kuma fara aiwatarwa kan shugabanni.

Na biyu, karɓar rance da sunan mace a ba miji ko ɗa. Ita ce a rubuce, kuɗin ba ya hannunta. Na uku, shugabar da ba ta sauka: a yi zaɓe duk shekara, a ɓoye, da tsakuwa ko ƙwayar wake a cikin kwanuka bayan labule, don ɗaga hannu a gaban Hajiya ba zaɓe ba ne. Na huɗu, injin haɗaka da aka saya ba a ware kuɗin gyara da mai ba, ba a kuma faɗi wa zai kula da shi ba. Bel ɗaya ya tsinke, ya zama wurin kwanan kaji.

In 'yan siyasa ko masu tallafi suka zo fa?

Ku karɓe su da mutunci, ku gabatar da bukatunku a rubuce, kowace jam'iyya iri ɗaya. Kada ƙungiya ta ɗauki tuta, don zaɓe na wucewa ya bar ku da gaba. Tallafi kuwa a sanar da shi a taro, a rubuta, a yanke yadda za a yi da shi tare. Ƙungiyar da aka kafa don an ji za a raba kuɗi tana watsewa ranar rabon. Bankin SEWA da aka kafa a 1974, mata 4,000 ne suka kafa shi da rupi goma-goma daga aljihunsu.

'Yan aikatau fa, da kowa ke gidan da take aiki?

Su ne mafi wuyar tarawa. Ana samunsu ne a unguwannin da suke kwana, ko a hanyar komawa gida da yamma. Bukatun farko: a faɗi lada da ranar biya da ayyukan da za a yi a gaban shaida, a ba da ranar hutu a mako, a miƙa kuɗin hannun mai aikin, ba hannun dillaliyar da ta kawo ta ba. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2011, ta amince cewa aikatau aiki ne kamar kowane. Ƙananan yara kuwa ba a sa su a ƙungiya a matsayin ma'aikata, makaranta ake nema musu.

Idan mace ta so fita, ko ta rasu?

Mai fita tsakiyar zagaye tana karɓar abin da ta zuba bayan an cire bashinta, ba riba, ba kuɗin asusun taimako. Wadda aure ko ƙaura ya ɗauke, ƙungiya na iya barin ta ta riƙa aiko da zubi har ranar rabo. Game da rasuwa, tun ranar shiga kowa ta faɗi wanda za a tuntuɓa, a rubuta a katinta. A lissafa kasonta, a cire bashin da ke kanta ko a yafe idan dokarku ta tanadi haka, a miƙa sauran ga magada a gaban shaidu biyu da mai unguwa, su sa hannu a littafi.